Zugin da ya ƙi tafiya bayan karaya: wane magani ya dace da ciwon CRPS, wanne ke hana shi dawowa?

Ƙashi ya haɗe, an kwance filasta ko karan ɗori, amma hannu ya ƙi komawa yadda yake. Ya kumbura, fatar tana sheƙi, yau ta yi ja da zafi, gobe ta yi sanyi ta dushe. Yatsu sun sandare. Ruwan alwala in ya zuba a wurin sai zugi ya tashi, hannun riga in ya goga sai mutum ya zabura, tafin hannu ɗaya na gumi ɗayan kuwa a bushe. Likitoci na kiran wannan ciwo CRPS, taƙaicen sunansa na Turanci, Complex Regional Pain Syndrome. Ya fi biyo bayan karayar wuyan hannu ko idon sawu, ko tiyata, ko shanyewar ɓarin jiki, kuma mata sun ninka maza sau uku zuwa huɗu wajen kamuwa da shi, musamman waɗanda suka haura shekara 50.

Wanda ya faɗa wannan hali yakan rasa maganar wa zai kama. Wani likita ya ce prednisolone, wani ya ce ƙarin ruwan maganin ƙashi, a intanet ana ta yabon ketamine, ɗan'uwa kuma ya zo da kwalbar bitamin C. Akwai kuma wanda ya riga ya warke, sai ga wata tiyata ko sabuwar karaya ta taso, hankalinsa ya tashi kada ciwon ya dawo. Saboda waɗannan biyun na yi wannan rubutu. Sunayen magunguna na bar su yadda suke a jikin kwali don kada a rikice, amma ba takardar sayen magani ba ce. Abin da nake so shi ne mutum ya shiga ɗakin likita ya san me zai tambaya.

Da me za a auna?

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne tsawon lokacin da ciwon ya yi. A watannin farko gaɓar takan yi ɗumi da ja da kumburi, domin kumburin cikin jiki ne ke jan ragamar ciwon. In aka daɗe, sau da yawa gaɓar takan yi sanyi ta ƙanƙance, zugin kuma ya koma zama a jijiyoyi da laka da ƙwaƙwalwa. Maganin da ke aiki a mataki na farko ba lallai ya yi komai a na biyu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai ƙarfin hujja. A nan dole a faɗi gaskiya: bitar da cibiyar Cochrane, mai tattarawa da tantance binciken likitanci, ta fitar a 2023 ba ta sami magani ko ɗaya mai ƙaƙƙarfar hujja a kan wannan ciwo ba. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, mutum 20, 40, 60. Duk da haka wasu sun fi wasu madogara. Sauran ma'aunan su ne tsada da samuwa, daɗewar sauƙin bayan an daina sha, wahalar amfani, da haɗari ga mai wani ciwon daban kamar suga ko ƙoda.

Akwai tambaya guda da nake ɗora wa kowane magani: shin yana rage zugin har mutum ya iya motsa gaɓar? Motsi da gashin ƙashi su ne ginshiƙin jinyar CRPS a ƙa'idojin Birtaniya da na Holan. Maganin da ya kwantar da mutum barci ya bar hannun a naɗe bai yi aikin da aka ba shi ba.

Kafin komai kuma a tabbatar CRPS ɗin ne. Likitoci na amfani da ƙa'idojin da aka tsara a birnin Budapest a 2003, kuma sharaɗinsu na ƙarshe shi ne babu wani ciwon da ya fi bayyana alamomin. Ƙwayar cuta a ƙashi, daskarewar jini a jijiya, karayar da ba ta haɗe ba, duk suna iya kama da shi. A ba mai ruɓar ƙashi prednisolone babban ganganci ne.

Prednisolone

Shi ne mafi araha cikin manyan magungunan, kuma babu garin da ba a samunsa. Tun 1982 wani ƙaramin gwaji a Denmark ya nuna amfanin irinsa a farkon ciwon. Gwajin da ya fi jan hankalina an yi shi a Lucknow ta Indiya a 2006, kan mutum 60 da CRPS ya kama bayan shanyewar ɓarin jiki. Rabi aka ba su prednisolone miligiram 40 kullum na kwana 14 sannan aka riƙa ragewa, rabi aka ba su piroxicam, maganin ciwon jikin nan da ake yawan saye a kemis. Kimanin kashi 83 cikin 100 na masu prednisolone sun sami sauƙi sosai, a ɓangaren piroxicam kuwa kashi 17 kacal.

Shekara goma bayan haka masu binciken suka dawo kan tambayar da ta fi damun mai tsoron koma-baya: in aka daina, ciwon zai dawo? Suka raba waɗanda suka sami sauƙi gida biyu, wasu suka ci gaba da miligiram 10 kullum na ɗan lokaci, wasu suka daina. Kusan rabin waɗanda suka daina ciwon ya sake tasar musu, waɗanda suka ci gaba kuwa sauƙinsu ya ɗore. Wannan na daga cikin hujjoji ƙalilan da suka taɓa batun dawowar ciwon kai tsaye, ko da yake a kan masu shanyewar jiki aka yi shi, ba masu karaya ba.

Matsalar prednisolone ita ce sauƙin samunsa. Jama'a sun saba da irin waɗannan ƙwayoyi, har ana shan danginsu don ƙiba, sai a ɗauka abu ne mai sauƙi. Ba haka ba ne. Yana tayar da suga da hawan jini, yana hana barci, yana cinye ƙarfin ƙashi in aka daɗe a kansa, yana iya farfaɗo da tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B da suka kwanta. Mai sikila yana iya fuskantar tashin ciwonsa bayan an daina. In aka haɗa shi da diclofenac ko ibuprofen, haɗarin zubar jini daga gyambon ciki na ƙaruwa. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya bayan makonni ana sha, sai a hankali bisa jadawalin likita. Ga wanda ciwonsa ya daɗe, hannu ya yi sanyi, amfaninsa kaɗan ne, illar kuwa tana nan yadda take.

Magungunan ƙashi: alendronate, pamidronate, neridronate

Asalinsu na masu zaizayar ƙashi ne. Aka lura cewa a CRPS ƙashin gaɓar kan zaizaye da sauri, har hoton ƙashi ya nuna tabo-tabo, abin da likitan tiyatar nan Bajamushe, Paul Sudeck, ya bayyana tun 1900. Daga nan aka fara gwada su, kuma a ganina su ne suka fi kowane rukuni tarin gwaje-gwajen da suka goyi bayansu.

A Beljiyam a 2004 an ba masu ciwon a ƙafa alendronate miligiram 40 kullum na mako 8, zugi ya ragu, motsi ya ƙaru. A lura, wannan ya ninka abin da ake ba mai zaizayar ƙashi sau huɗu, don haka ba abin da mutum zai ƙirga wa kansa ba ne. A Italiya a 2013 an gwada neridronate ta jijiya, miligiram 100 sau huɗu cikin kwana 10, kan mutum 82 da ciwonsu bai wuce wata huɗu ba. Sakamakon ya yi kyau ƙwarai, masu binciken suka ce sauƙin ya ɗore har shekara guda, Italiya kuma ta amince da maganin don wannan ciwo a 2014. Sai dai manyan gwaje-gwajen da kamfanin Grünenthal na Jamus ya ɗauki nauyi daga baya an dakatar da su a 2019, domin alamu sun nuna ba za su tabbatar da amfaninsa ba. Masu goyon bayan maganin na ganin an shigar da waɗanda ciwonsu ya riga ya daɗe ne. Ko ma mene ne, darasin bai sauya ba: a farkon ciwo suke da ƙarfi. Ƙa'idar likitocin Birtaniya ma ta ambaci pamidronate miligiram 60 ta jijiya sau ɗaya ga wanda bai wuce wata shida da ciwon ba.

Wajen tsada sun rabu. Alendronate na haɗiya ana samunsa a manyan shagunan magani, kuɗinsa matsakaici. Pamidronate sai babban asibiti, da kuɗin gado da na gwajin jini. Neridronate kuwa da wuya a same shi a wajen Italiya.

Shan alendronate na da ƙa'ida mai tsauri, kuma a nan mutane ke yin kuskure. Da safe ake sha cikin ba komai, da cikakken kofin ruwa zalla, ba shayi ba, ba koko ba, ba nono ko madara ba, domin suna hana shi shiga jiki. Sannan a zauna ko a tsaya a miƙe na minti 30 kafin a ci wani abu. In aka kwanta, ƙwayar na iya ƙona maƙogwaro. Saboda ruku'u da sujada, ya fi kyau a sha bayan an idar da sallar asuba, kuma kada a koma shimfiɗa. Na jijiyar kan kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi na kwana ɗaya zuwa uku, wanda mutum zai iya ɗauka maleriya ce. Kafin a fara a duba ƙoda, da sinadarin kalsiyam da bitamin D, a kuma ga likitan haƙori in akwai ruɓaɓɓen haƙori, domin akwai haɗarin mutuwar ƙashin muƙamuƙi, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba. Mai ciki ko mai shirin ɗauka nan kusa ta faɗa wa likita tun farko.

Gabapentin, pregabalin da amitriptyline

Waɗannan su aka fi rubutawa, amma ba don sun fi hujja a CRPS ba. Daga jinyar sauran ciwukan jijiya, irin na masu suga, aka aro su. Gwajin gabapentin da aka yi a Holan a 2004 kan mutum 58 ya nuna sauƙi kaɗan ne. A Toronto ta Kanada a 2016 an kwatanta shi da amitriptyline a yara, ba a ga bambanci tsakaninsu ba wajen rage zugi da gyara barci.

Ba sa kashe tushen ciwon, kuma in aka daina, amfanin ya tafi. Amma kada a raina su. Wanda zugi ya hana shi runtsawa makonni, in ƙaramar ƙwayar amitriptyline da dare ta ba shi barci har ya iya jure gashi da safe, ta biya kuɗinta, ga shi kuwa tana cikin mafi araha. Tana busar da baki, tana ɗaure ciki, tana iya riƙe fitsari ga dattijo, ba ta dace da mai wasu ciwukan zuciya ba, kuma a ɓoye ta daga yara domin yawanta na kisa. Gabapentin da pregabalin sun fi tsada, suna sa jiri da kasala, ana rage su ga mai ciwon ƙoda. Suna kuma kama mutum ya kasa rabuwa da su: Birtaniya ta sa su cikin magungunan da ake tsaurara wa ido a 2019. Haɗa su da tramadol ko kodin na iya danne numfashi.

Tramadol ɗin kansa ba zan ba shi gurbi a teburin kwatancen da ke ƙasa ba. Babu hujja mai kyau cewa shi da danginsa na amfanar mai CRPS na dogon lokaci, suna ma iya ƙara wa jiki jin zafi, kuma mun ga ɓarnar da ya yi wa matasa a garuruwanmu.

Ketamine

Asibitocinmu sun san shi a matsayin maganin sa barci lokacin tiyata, kuma shi kansa ba shi da tsada. Kulawar ce mai tsada. A Leiden ta Holan a 2009 an ba mutum 60 masu daɗaɗɗen CRPS ko dai ketamine kaɗan-kaɗan ta jijiya na kwana huɗu da ɗoriya, ko ruwan gishiri zalla don kwatance. Zugi ya ragu sosai a masu ketamine, amma zuwa mako na 12 bambancin ya ɓace, kuma motsin gaɓar bai gyaru ba. Ma'ana hutu yake bayarwa na wata biyu zuwa uku. Yana kawo amai, jiri, gane-gane, hauhawar jini, in kuma aka yi ta maimaitawa yana iya taɓa hanta da mafitsara. Wurinsa shi ne hannun ƙwararren likitan zugi, ga wanda sauran hanyoyi suka gaza, da shirin cika makonnin hutun nan da gashi.

Sauran a taƙaice

Likitocin Holan na amfani da man shafawa na DMSO mai ƙarfin kashi 50, da ƙwayar acetylcysteine miligiram 600 sau uku a rana. Gwajinsu na 2003 ya nuna man ya fi dacewa da gaɓa mai ɗumi, ƙwayar kuma da mai sanyi. Illarsu kaɗan ce, man na sa warin tafarnuwa, amma sai an haɗa shi musamman. Calcitonin, wani maganin ƙashi, sakamakonsa ya saɓa wa juna, Turai kuma ta taƙaita amfani da shi a 2012. Ruwan garkuwar jiki na immunoglobulin an gwada shi a Birtaniya kan mutum 111, aka wallafa a 2017 cewa bai yi amfani ba. Kada a sayar da gona saboda shi.

| Magani | Lokacin da ya dace | Tsada | Daɗewar sauƙi | Wahalar amfani | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Prednisolone | Watannin farko, gaɓa mai ɗumi | Araha | Mai kyau, amma yana iya dawowa in an yanke da wuri | Haɗiya, da jadawalin ragewa | Suga, hawan jini, gyambon ciki, farfaɗo da cuta |
| Alendronate | Watannin farko | Matsakaici | Makonni zuwa watanni | Ƙa'idar sha mai tsauri | Ƙonewar maƙogwaro, ƙoda |
| Pamidronate, neridronate | Ƙasa da wata shida | Tsada | Yana iya kai watanni | Asibiti, ta jijiya | Zazzaɓi, faɗuwar kalsiyam, muƙamuƙi |
| Amitriptyline | Kowane mataki | Araha | Muddin ana sha | Sau ɗaya da dare | Zuciya, riƙewar fitsari |
| Gabapentin, pregabalin | Kowane mataki | Matsakaici zuwa tsada | Muddin ana sha | Sau biyu ko uku a rana | Jiri, kamu |
| Ketamine | Daɗaɗɗen ciwo | Tsada saboda kulawa | Wata biyu zuwa uku | Kwanciya asibiti | Gane-gane, hanta, mafitsara |
| Bitamin C | Rigakafi bayan karaya ko tiyata | Araha ƙwarai | Kwana 50 ake sha | Haɗiya | Tsakuwar ƙoda in ya yi yawa |

Hana shi dawowa

Da farko a kwantar da hankali. Wani babban bincike a Holan a 1996, da ya bi majinyata fiye da 1,000, ya sami dawowar ciwon kimanin kashi 1.8 cikin 100 a kowace shekara, ko a gaɓar farko ko a wata. Yawancin waɗanda suka warke ba ya dawo musu. Amma sabon rauni ko tiyata a gaɓar da ta taɓa ciwon na ƙara haɗarin, kuma a nan ne shiri ke da amfani.

Bitamin C shi ne aka fi gwadawa. A 1999 wani likita mai suna Zollinger da abokan aikinsa a Holan suka ba masu karayar wuyan hannu miligiram 500 kullum na kwana 50. Kashi 7 cikin 100 suka kamu da CRPS, a ɓangaren da ba su sha ba kuwa kashi 22. Suka maimaita a 2007 da mutum 416, aka sami kashi 2.4 a masu sha da kashi 10.1 a waɗanda ba su sha ba, kuma miligiram 1,500 bai fi 500 ba. Sai wani gwaji a Edinburgh a 2014 ya zo bai ga bambanci ba ko kaɗan. Har yau likitocin ƙashi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, kuma duk waɗannan gwaje-gwaje kan kamuwar farko aka yi su. Ni dai ina tare da masu cewa a sha. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, illarsa kaɗan ce, abin da ake gudu kuwa babba ne. A fara ranar raunin ko ranar tiyata, a tsaya a 500. Mai tsakuwar ƙoda ko ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna. Kuma rigakafi ne kawai, ba ya warkar da ciwon da ya riga ya kama.

Game da tiyata, ƙa'idar Birtaniya ta 2018 ta ce in ba dole ba a guje wa yanka a gaɓar, in kuma za a iya jira a bari sai shekara guda bayan ciwon ya lafa. In ba makawa, a sanar da likitan tiyata da na sa barci tarihin ciwon tun kafin ranar, a tsara kashe zugi sosai bayan aiki, a fara motsi da wuri. Za ka ci karo da alƙaluma masu ban sha'awa a intanet kan allurar toshe jijiyar wuya ko maganin clonidine wajen hana dawowarsa. A yi hattara da su: wasu sun fito ne daga Scott Reuben, likitan sa barci a Amurka da aka gano a 2009 ya ƙirƙiri alƙaluma, har aka janye rubuce-rubucensa fiye da 20.

Sannan akwai abin da ba ƙwaya ba ne amma ba zan tsallake shi ba. Ɗauri mai matsewa da daɗewar gaɓa ba motsi suna cikin abubuwan da ake dangantawa da tasowar ciwon, ko filastar asibiti ce ko karan mai ɗori. In yatsu suka kumbura, suka sauya launi, ko zugi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa a makon farko, a koma a sassauta a ranar, ba sai ranar da aka ce a dawo ba.

Wa ya dace da wanne?

Wanda ciwonsa bai wuce wata uku zuwa shida ba, gaɓar na da ɗumi da kumburi, ba shi da suga ko gyambon ciki ko sikila, ya fara tattauna prednisolone da likitansa, ya kuma tambayi yadda za a janye shi a hankali. In kuɗi ne matsala, wannan ne zaɓin da aljihu zai iya ɗauka.

Wanda yake a mataki ɗaya amma yana da suga ko hawan jinin da ya ƙi saituwa, ko dattijuwar da ƙashinta ya riga ya zaizaye, magungunan ƙashi sun fi masa, muddin ƙodarsa lafiya. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi mai tsanani ya nemi na jijiya maimakon alendronate, a babban asibiti irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitocin koyarwa.

Wanda rashin barci da ƙunar fata suka fi damunsa, amitriptyline da dare, a kan kowane daga cikin biyun can. In zuciya ko mafitsara ta hana, sai gabapentin.

Wanda ya shekara ko fiye, hannu ya yi sanyi ya ƙanƙance, kada ya ɓata lokaci da prednisolone. Ya nemi likitan zugi da mai gashin ƙashi da suka san atisayen madubi (motsa lafiyayyar gaɓar ana kallonta a madubi kamar ita ce mai ciwon) da na koya wa fata jure taɓawa, ketamine kuma ya zama abin da za a duba in an kai maƙura.

Wanda ya warke kuma sabuwar karaya ko tiyata ta same shi: bitamin C miligiram 500 na kwana 50, sanar da likitoci tarihinsa, ɗauri marar matsi, motsi da wuri. In ɗumi da kumburi da zugin nan da ya sani suka fara dawowa, ya koma asibiti a makon, lokacin da prednisolone da magungunan ƙashi ke da ƙarfin yin aiki.